Dodo Ba Ya Tashi Kafin Ranarsa

Shekara ashirin da shida Kwok Bing ya yi yana tsaye a wutsiyar jirgin Dodo na ƙauyensu, doguwar kwalekwalen tseren biki mai kan dodo a gaba, riƙe da dogon filafilin da ake juya jirgi da shi. Mutum saba'in ke tuƙi, amma shi ke da ta cewa kan inda hancin jirgin zai nufa.

A wata na uku kogi ya cika ya batse. 'Yarsa Yuk-lan ta fita da ƙaramin kwalekwale don koro agwagi. Kwalekwalen ya dawo a kife, ita ba ta dawo ba. Bing ya ruga zauren kakanni, inda ya tarar da Baffa na Uku, dattijon dangin Kwok, yana kurɓar shayi.

"Baffa, a tono Dodo. Da mutum saba'in, kafin rana ta faɗi mun duba kogin nan har bakin teku."

Jirgin yana binne cikin lakar rafi kamar kowace shekara, don kada katakonsa ya bushe ya tsage.

"Takwas ga wata na huɗu ake tashinsa," in ji tsohon. "Ka fi kowa sani. Ko idonsa ba a buɗe ba. Makaho ne zai nemo maka ita?"

Kwana shida suna nema da ƙananan kwalekwale. Abin da suka samu takalmi ɗaya ne, maƙale a saiwar gora, a kwanar kogin da ake kira Wuyan Agwagwa.

Ranar takwas ta zo ba ta makara ba, ita dai ba ta taɓa makara. Aka kwashe laka, aka wanke Dodo da ruwan ganyen lemo, aka ɗiga masa ido da jan fenti da jinin zakara. Bing yana kallo daga kan gada, domin mai makoki ba ya taɓa jirgin sai ya cika shekara. Filafilinsa aka miƙa wa jikan Baffa, wanda ke riƙe shi kamar mai korar kaji.

Wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya yake so: ran biyar ga wata na biyar, in an gama tsere, jirgin ya gangara Wuyan Agwagwa, a buga babbar ganga sau uku a kan ruwan. Ai dalilin gangar ke nan. Tun yana goye ake ba shi labarin wazirin nan mai gaskiya, wanda sarki ya kora, ya rungumi dutse ya faɗa kogi. Mutanen gari suka yi rige-rigen fita da jirage nemansa, suna kaɗa ganga don kifi su tsorata, suna jefa ƙullin shinkafa don kifin su ci su bar gawarsa. Shekara dubu biyu ana neman wazirin nan, har yau ba a gaji ba.

Ya sake zuwa zauren, ya tsaya a bakin ƙofa, tunda shiga ma an hana shi.

"Bugu uku kacal, Baffa. Ba zan taɓa jirgin ba. Ko kusa ba zan zo ba."

"Bing, Bing. Dodo ya leƙa inda aka mutu, wane ƙauye zai karɓi jirginmu baƙunci bana? Kana so mu zama abin dariya a kogin nan?"

"To shi wazirin fa, a kan gado ya mutu?"

"Kai, wannan waziri ne!" Tsohon ya ajiye kofinsa. "Ka yi haƙuri da maganata. Yarinyar nan ko da ta rayu, gidan wasu za ta. Sunanta ma ba ya cikin littafin dangi."

Bing ya juya ya tafi. Baƙin cikin da ya ji a lokacin ya fi na ranar da aka tsinci takalmin, don ruwa dai bai san ta ba, wannan tsohon kuwa shi ya raɗa mata suna.

Ranar biki matarsa Kam ta ƙulla shinkafa mai danƙo cikin ganyen gora, guda goma sha tara, adadin shekarun Yuk-lan. Ta haɗa masa da kwanon wanki na ƙarfe da muciya. Ya shiga kwalekwalen nan da ya dawo a kife, ya gangara shi kaɗai.

Yana isa Wuyan Agwagwa aka fara tsere can sama. Ya ɗora kwanon a cinya ya dinga bugu, amma ko shi kansa ba ya jin ƙararsa, gangunan jirage goma sha biyu sun cinye kogin. Can sai ihu ya tashi, ya ji ana kiran sunan ƙauyensu. Sun ci, ba tare da shi ba. Gobe za a ce kakanni sun ji daɗin yadda aka kiyaye al'ada.

Ya buga har kwanon ya lotsa. Sannan ya soma jefa ƙullin shinkafar ɗaya bayan ɗaya. Kifi suka taso, manya-manya, sumul da ƙiba, ba alamar tsoro a tare da su. Wata biyu ke nan, ya san ba abin da ya saura a ƙasan ruwan da za a bari.

"Ku ci," ya ce musu, yana kwance zaren na ƙarshe. "Ku ci ku ƙoshi. Ita ba waziri ba ce, amma ku bar mini ita."