Mazauni ko Baƙo

Shekara ashirin da biyu Yayana ya yi yana dakon siminti a birnin nan, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ni ai baƙo ne, baɗi zan koma gida." Jakarsa ma ba ta taɓa sauka daga kan ƙusa ba. Na sha yi masa tsiya, in ce, "Yaya, wane irin baƙo ne ya yi furfura a layi ɗaya?" Sai ya yi dariya ya ce, "Auta, bakinki ya fi ki girma."

Ranar da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na ja shi asibitin unguwa da ƙyar. Nas ta auna jininsa sau biyu, ta ce hawan jini ne, har ya fara taɓa ƙoda. Ta ce akwai maganin da ake ba mutane kyauta duk wata, mu je mu yi rajista.

Mai rajista bai ko ɗaga kai ba. "Mazauni ko baƙo?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Baƙo."

Mai rajista ya danna kwamfuta, sannan ya ce, "To, maganin na mazauna ne. Baƙo sai ya je asibitin garinsu."

"Malam, don Allah ka gyara," na ce. "Bakinsa ne ya saba, a nan yake zaune."

"Ya riga ya shiga, baiwar Allah. Sai kun kawo takardar mai gidan da yake haya."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe Yaya a wurin. Shi kuwa sai sosa ƙeya yake.

Mai gidan ya saurare ni tsaf, sannan ya nuna ɗakin da baki. Sito ne, ba taga, maza bakwai ke kwana a ciki. "So kike in rubuta da hannuna cewa mutum na zaune a nan, a zo a rufe mini gida?"

Saura asibitin ƙauyenmu. Shugaban leburori ya ce duk wanda ya yi kwana biyu bai zo ba, wani zai maye gurbinsa. Sai na tafi ni kaɗai da katinsa na asibiti. Malamin asibitinmu ya buɗe littafi ya rufe. "Yayanki ai ɗan birni ne, tuntuni aka cire sunansa."

A mota na yi kuka har na gaji, kukan haushi. Na dawo na ci gaba da zirga-zirga tsakanin mai gida da mai rajista har wata huɗu. Yaya kuma ya yanke bakin takalminsa da reza yana zuwa aiki.

Ran wata Talata da azahar ya faɗi da buhu a kai. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Takardar shaidar rasuwa a teburin rajistar nan dai ake karɓarta. Mai rajista bai gane ni ba. Na tsaya ina jiran tambayarsa. Na ga ya wuce wurin a takardar bai tambaya ba.

"Malam, ba ka ce mazauni ko baƙo ba."

"Ba sai na tambaya ba," in ji shi, yana buga hatimi. "Wanda ya rasu a nan, mazauni muke rubuta masa."