Ƙofar Shanu a Bakin Ƙwarya

Duk wanda ya taɓa hawa Keke Napep a Gumel ya ga rubutun Mansura, ko ya san ita ce ko bai sani ba. Haruffanta ba sa tsayuwa ƙiƙam irin na sauran mutane. Wani ya fito da ƙaho, wani ya miƙa wuya kamar raƙumi ya hango rijiya, wani ya naɗe jela ya kwanta a gindin ɗan uwansa. Allunan shaguna tun daga Gagarawa Tasha har Maigatari aikinta ne, haka katunan biki da kalandu da bangon littattafan da ake aiko mata daga Kano. Da lalle ta fara, a hannun ƙawayenta na makaranta. Daga nan ta samu aiki a wani shagon buga katuna, inda mai shagon ya kusa korarta don takan shafe wuni guda tana lallashin harafi ɗaya a kwamfuta. Yau shi da kansa yake gaya wa mutane cewa shi ya koya mata, kuma ba wanda ya tsaya musu da shi.

Abu guda ke sa a gane aikinta tun daga nesa. Duk zoben ado da ta kewaye rubutu da shi, ba ta haɗe bakinsa, sai ta bar ɗan gurbi. Masu buga takardu sun yi ta kiranta a waya har sun gaji.

"Hajiya, zoben nan fa bai haɗu ba. Mu rufe miki?"

"Ku bar shi," in ji ta. "Ƙofa ce."

A wajen mahaifiyarta ta ɗauko. Inna A'i, a rugarsu ta bayan Sule Tankarkar, ita ce mai zanen ƙwarya da wuƙar wuta, kuma a zamaninta amaryar da ba ta da ƙwaryar A'i a jerenta ba ta cika amarya ba. Mansura na ƙarama ta taɓa tambayarta dalilin gurbin nan da take bari a bakin kowace ƙwarya. Inna ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "In na rufe, ta ina shanu za su shigo?"

To, ga inda abin yake ci wa Mansura rai. Duk ƙasar nan an ga aikinta, ban da Inna. Idanun tsohuwar sun rufe tun kafin sunan 'yarta ya fita, likitoci kuma suka ce sai haƙuri. Ga shi Mansura 'yar fari ce, kuma a gidansu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta yabe ta. "Ke" ce, ko "waccan." In magana ta yi nauyi, sai Inna ta gaya wa ƙanenta Kawu Cindo, shi kuma ya juya ya maimaita wa Mansura, alhali su ukun suna zaune a tabarma ɗaya. Mansura ba ta taɓa jin haushin wannan ba, haka ta taso ta tarar. Abin da take so bai wuce Inna ta gani ba, ko sau ɗaya, kafin ta bar duniya.

Shekarar da wani kamfani ya buga zanenta a jikin atamfa, ta ɗauki turmi guda ta nufi ruga da murnarta. Damina ta ja baya, gero ya sunkuyar da kai, hanya duk ƙamshin ciyawa. Ta shimfiɗa atamfar a cinyar Inna.

"Aikin Mansura ne, Adda," in ji Kawu Cindo. "Har a Damagaram ana ɗaura shi."

Inna ta ɗora tafin hannu ta shafa, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta juya bayan ta sake shafawa. Ta kai hanci ta shinshina.

"Yadin yana da kyau," ta ce. "Amma ba komai a jikinsa, Cindo. Sumul yake."

Ba da mugunta ta faɗa ba, iyakar abin da yatsunta suka gaya mata ke nan. Aka yi dariya, Mansura ma ta yi, amma zuciyarta ta yi mata nauyi ƙwarai. Duk abin da ta shafe shekaru tana yi, a hannun Inna sumul yake.

A motar komawa Gumel, an matse ta tsakanin buhun gyaɗa da wata mata mai goyo, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ga haruffanta sun sauko daga allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, sun karkaɗe jiki, sun jeru a gefen titi kamar garke ya doshi gida da la'asar. Na boko a gaba, na ajami a baya suna kaɗa ƙahoni. Suka ratsa gonaki har ƙofar ɗakin Inna, suka tsaya suna jira. Inna ta fito ta miƙa hannu, hannun ya wuce ta cikinsu kamar ta taɓa hayaƙi. Direba ya taka birki, Mansura ta farka, ta tarar tana murza yatsunta.

Ranar kasuwar Maigatari ta je ta zaɓo ƙore masu kauri, tana ƙwanƙwasa su tana saurare kamar yadda ta ga Inna na yi. Kawu Cindo ya lalubo mata tsofaffin wuƙaƙen zanen yayarsa a cikin wani kwando, duk sun yi tsatsa. Ta rufe shagonta, ta kashe waya, ta hura garwashi a tsakar gida.

Kowa ya ɗauka wadda ta iya kwamfuta wannan wasa ne a wajenta. Ina! A kwamfuta in layi ya karkace sai ka danna ya koma, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Wuƙar wuta kuwa ba ta san a yi haƙuri ba. Ƙwaryar farko ta huje. Ta biyu ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar ko lafiya, don ƙauri ya cika unguwa. Yatsanta ya ƙone ya tashi, ya fashe, ya warke. Sannu a hankali hannun ya fara tuno abin da ido ya gani tun tana rarrafe: yadda ake kwantar da wuƙar, yadda ake juya ƙwaryar a cinya a bar wuƙa a wuri ɗaya. Wani lokaci hayaƙin kan tashi siriri, sai ta ji kamar tana jin kukan maruƙa da sautin nono yana zuba a ƙwarya, har sai garwashi ya yi toka sannan ta tuna a Gumel take.

Da ta samu ƙwarya ɗaya ta yi yadda take so, sai ta ɗauke ta, da hantsi ta isa ruga, kaka ta yi, ana ta sussukar gero. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, bayanta jeren ƙorenta na aure, an ɗora su bisa juna har kusa da jinka. Tun kafin a gama gaisawa ta ɗaga hanci.

"Cindo, wa ke ƙaurin ƙwarya?"

Kawu ya karɓi ƙwaryar daga hannun Mansura ya ɗora wa Inna a cinya.

Yatsun Inna suka sauka a kai, suka tsaya cak. Sannan suka fara tafiya. Suka bi ta cikin 'yan ramuka, suka hau, suka gangara, suka zagaya wani ƙaho suka dawo suka sake zagaya shi.

"Waɗannan kuma fa? Ba shanu ba ne, amma suna da ƙaho."

"Haruffa ne, Adda. Irin waɗanda ake sawa a allunan shago da katin biki."

"Uhm." Ta ci gaba. Can ta ce, "Ka gaya wa mai aikin nan hannunta ya yi nauyi a nan, ta bar wuƙa ta yi ja da yawa."

"Kin ji," in ji Kawu.

"Na ji," in ji Mansura.

Ɗan yatsan Inna ya hau zoben bakin ƙwaryar, ya kama hanya. Mansura ta bi shi da ido. Ya tafi, ya tafi, har ya kusa komawa inda ya taso, sai ya faɗa gurbi. Ya tsaya a nan. Ya shiga, ya fito, ya sake shiga. Sautin taɓarya na tashi daga bayan ɗaki.

"Cindo."

"Na'am, Adda."

"Tambaye ta. Na can cikin gari, na jikin motoci da yadin nan da ta kawo, su ma haka take bar musu ƙofa?"

Wannan karon Mansura ba ta jira Kawu ba.

"Duka, Inna. Ban taɓa rufe ko ɗaya ba."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, tafin hannunta a kife bisa ƙwaryar.

"To, ai na gan su," ta ce.

Mansura ta ja mayafi ta rufe fuska, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta miƙe tana laluben bango, ta sauke ƙwaryar da ke can saman jerenta, wadda uwarta ta zana mata, ta ɗora sabuwar a wurin, ta daidaita ta har ƙofar ta dubi garke.

"Cindo," ta ce, "a ɗebo wa waccan nono. Tun safe ba ta ci komai ba."