Igiyar Rane

A shekarun da ƙasar ke amsa sunan Dahome, Usuman mahauci ne a Jugu, kuma tun zamanin mahaifinsa Salihu gidansu ke kai nama asibitin garin. Ba wani babban ciniki ba ne, amma shi ke riƙe da tukunyar gidan. Wani mahaucin makarantar kwana yake kai wa, wani gidan kaso, kowa da ƙofar da ya gada.

Ana nan sai gwamnati ta ce aljihunta na yoyo. Ta ce kowane asibiti da kowane bariki na sayen nama yadda ya ga dama, don haka daga yanzu a wuri ɗaya za a saya, a Paraku, shanu a tsaye, garke guda, sannan a rarraba. Wanda ya kawo garken a cike, cinikin shekara nasa ne.

Dalhatu, Sarkin Fawan Jugu, ya tara mahauta a gindin ɗorawar mayanka.

"Ko mu haɗa kai mu cika garken nan, ko wani alhajin Paraku ya haɗiye mu har da ƙaho," in ji shi. "Kowa ya kawo rabonsa. Wanda ya zo da giɓi ya kashe mu duka, kuma ya nemi wata mayankar, ba tawa ba."

Usuman ya yi faɗi-tashi ya haɗa rabonsa, saura kai ɗaya. Wannan ɗayan wani bijimi ne da taubashinsa Awalu, dillali a Zangon Paraku, ya yi masa alkawari. Ana gobe tafiya direban mota ya kawo saƙo cewa bijimin na hanya, amma ba zai iso ba sai washegarin ranar da gwamnati ta sa.

Usuman ya shiga gida ya tsaya yana kallon turke.

Saniyar da ke ɗaure a wurin ba tasa ba ce. Da matarsa Lauratu ta rasu wajen haihuwa ta bar jaririya Tambaya, Jauro Mahamadu na Pelebina, aminin mahaifinsa, ya koro wata farar saniya da maraƙinta har ƙofar gida. Da hannunsa ya ɗaure ta. Ya ce sunanta Rane, ya ce haɓɓanaye ce, wato aron da Bafulatani ke ba wanda ya ɗauka ɗan'uwa, a sha nono, a riƙe 'ya'yan, uwar ta koma garkenta in lokaci ya yi. Tambaya ta ƙi koko, ta ƙi nonon akuya, in an ɗura mata sai ta amayar. Nonon Rane kaɗai ya zauna a cikinta.

Yayarsa Azumi, wadda ke rainon yarinyar, ta fito daga ɗaki ta ga inda idonsa yake.

"Kul," ta ce.

"Yaya, cikon layi kawai za ta yi. Su ƙirga su ga mun cika. Jibi bijimi ya iso, in musanya, gata tana nan."

"In suka ƙi fa?"

"Su ƙi yaya? Igiya na hannuna. Kin taɓa jin an ci ciniki mai dabba bai ce ya sallama ba?"

Ba ta taɓa ji ba, shi ma haka. Tun yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar sa ya san cewa ko an yini ana tayi, ko an shafa dabba an buɗe bakinta, ba ta bar hannun mai ita ba sai ya ce "na sallama" ya miƙa igiya. Kai dabba cikon layi kuma abu ne da mahauta ke yi wa juna a kowace kasuwa.

Da safe Azumi ta tatse Rane tas, ta dafa nonon ta rufe. Aka tura saniyar cikin kamyon, babbar motar kaya da Dalhatu ya yi haya, maraƙin na ta kuka a turke.

A Paraku, kusa da tashar jirgin ƙasa aka yi shingen. Awalu na jiransu a bakin ƙofa, ya leƙa motar ya tuntsire da dariya.

"Taubashi, nama aka ce ku kawo ko kindirmo?"

"Rufe mini baki, ɓarawon la'ada. Ina bijimina?"

"Gobe war haka ka gan shi, wallahi. Yana nan tafe kamar ango."

Aka jera shanu. Wani ma'aikaci mai gajeren wando na zaune a tebur kusa da wani babban sikeli na ƙarfe. Babu tayi, babu albarka. Lebura ya kora saniya ta hau sikeli, ma'aikacin ya rubuta, a buɗe ƙofar gaba. Da layi ya zo kan Rane, leburan ya zare igiyar daga ƙahonta ya wurgo wa Usuman, kamar yadda ya yi wa na gabansa. Usuman ya cafe, hankalinsa kwance. Sai da ya ji ƙaurin gashi ya ɗago kai. Wani mutum ya ɗora mata jan ƙarfe a cinya. Ta yi wani kuka da bai taɓa jin ta yi ba.

Ya ture mutane ya isa teburin, ya kira ma'aikacin Mushe, yadda ake kiran namiji da girmamawa a Faransanci.

"Mushe, waccan farar ba ta sayarwa ba ce. Cikon layi ce. Gobe zan kawo bijimi, ya fi ta nauyi ma."

Ma'aikacin ya ɗago. Ba shi da fuskar mugu, gajiya ce kawai a idonsa.

"Malam, duk wadda ta hau sikeli ta sha tambari, ta gwamnati ce. In na buɗe ƙofar musanya, kowa zai nuna mai ƙiba ya dawo da ramammiya. Abin da aka kafa wurin nan don a hana ke nan."

"Ban sallama ba! Ga igiyar a hannuna!"

"To riƙe igiyarka. Mu ba igiya muke saye ba."

"Jaririya ce ke shan nononta, Mushe. Marainiya."

Mutumin ya juya alƙalaminsa. "Zan iya cire ta," ya ce. "Amma in na cire, garkenku bai cika ba yau, kuma yau aka ce. Ga na bayanku can yana jira."

Usuman ya waiwaya. Mahautan Jugu duk sun zuba masa ido. Dalhatu ya matso ya kama gwiwar hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, gidaje nawa ne a bayanmu? Ka duba mutanen nan. Allah zai raya yarinya."

Usuman ya buɗe baki, bai ce a cire ba, bai ce a bari ba. Ma'aikacin ya jira kaɗan, sannan ya ɗaga wa lebura hannu a kawo ta gaba.

Kafin la'asar aka loda rabon barikokin kudu a tarago, Rane a ciki. Awalu bai ƙara yin wasa ba. Ya ce su kwana gidansa a Zango, Usuman ya ƙi, ya hau motar da ta fara samuwa.

Bai tsaya Jugu ba, ya wuce Pelebina. Ya tarar da Jauro a bakin ruga yana gyaran sanda. Suka gaisa, Jauro ya tambayi yarinya, ya tambayi Azumi, sannan idonsa ya sauka kan igiyar. Shi ya tufka ta, ya san ta.

Usuman ya faɗa masa komai. Ya ce bijimin da ke tafe na Jauro ne, ya ɗauka.

"Ɗan Salihu, da mutuwa ta yi a turkenka, ko kura ta ci, da ban tambaye ka komai ba," in ji Jauro. "Haka haɓɓanaye take. Daga tsatson saniyar da kakana ya ba ni ta fito. Me zan yi da bijimi?"

Ya karɓi igiyar ya naɗe a hankali ya sa a aljihu. Ya ce gobe zai aiko a ɗauki maraƙin a haɗa shi da wata uwar, kada ya mutu a banza. Usuman ya tsaya ko zai ji ƙarin magana. Ga shanun tatsa nan birjik a bayan Jauro. Tsohon ya koma kan sandarsa.

Tun daga bakin lungun gidansu Usuman ya jiyo kuka biyu, na maraƙi da na yarinya. A ƙofar gida ya gamu da ɗan aiken Sarkin Fawa, ya ce a gaya masa ciniki ya faɗa wa Jugu, a zo a yi fatiha. Ya wuce shi ya shiga.

Azumi na zaune a tabarma da Tambaya a cinya, ga ƙwaryar nonon an wanke an kife. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa, ba igiya ba saniya. Ta ɗebo koko a ɗan ludayi ta kai bakin yarinyar, yarinyar ta kau da kai.