Gurbin 'Yan Amshi

A sashen nazarin kiɗa na jami'ar, Kunne kowa yake kiranta, har malamai. Idan ƙofa ta yi ƙara, za ta gaya maka a kan wane sauti ta yi. Idan fanka ta gaji, za ta ce ta sauko daga sautin la zuwa sautin so. Shekara huɗu ke nan tana karatun da mahaifinta bai taɓa iya faɗin sunansa a gaban abokansa ba. Mai sayar da kayan gyaran mota ne. In aka tambaye shi me 'yarsa take karantawa, sai ya ce, "Tana dai jami'a," ya sunkuya yana neman kusa a cikin gwangwani. A gida kuwa ba ya ɓoyewa: "Mutane suna yaye likitoci, ni zan yaye mai tafi."

Abu ɗaya ya rage tsakaninta da digiri, kundin kammalawa. Mai duba mata aikin, Dakta, ya rubuta littattafai uku a kan waƙoƙin da ba a taɓa jin ya rera ko ɗaya ba. Ya miƙa mata guntuwar takarda.

"Kaset mai lamba arba'in da ɗaya. Baiti goma sha biyu ne, haka aka rubuta a jikin kwalin. Ki saurara, ki zuba min kowane sauti a kan layuka biyar na rubutun kiɗa. Ranar Alhamis ta sama nake rufe karɓa."

Ɗakin kaset yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakunan gwaji inda 'yan aji ɗaya suke azabtar da fiyano tun safe. Ba shi da taga. Akwai teburi, kujera biyu, tsohuwar rikoda, da kantoci har rufi. Dattijon da ke kula da shi, Mai Makulli, ba ya magana sai da raɗa, kamar mai gudun tayar da jariri. Ya hure ƙurar kaset ɗin, ya duba lambar, ya dube ta.

"A saurara, a rubuta," in ji shi. "Ban da amsawa."

"To, Kawu," ta ce, tana feƙe fensir. Ta ɗauka dokar hana surutu ce.

Wani tsoho ne yake waƙar, shi kaɗai, babu ganga babu komai. Muryarsa busasshiya, amma ba ta kuskure sauti. Ya kai ƙarshen baitin farko ya tsaya, daidai inda 'yan amshi ya kamata su karɓa. Ba kowa. Kunne ta zana alamar shiru a takarda, yadda aka koya mata, ta jira baiti na biyu.

Bai zo ba. Zaren kaset yana juyawa, tana jin numfashin tsohon. Minti ɗaya, minti biyu. Ya bar waƙar a rataye a kan sautin ti, kuma duk wanda ya yi shekara huɗu a wannan sashen ba zai iya jin ti a rataye bai sauke ta kan sautin do ba, kamar yadda wasu ba sa iya wuce hoton da ya karkace a bango. Ba ta ma san ta buɗe baki ba. Ta rera ɗan amshi, sauti huɗu kacal.

"Yawwa," in ji tsohon a cikin kaset. Ya shiga baiti na biyu.

Ta kashe rikodar. Ta maido da zaren baya ta sake kunnawa. Ga muryarta nan a gurbin, tare da tsatsar shekaru a jikinta, kamar an ɗauke su rana ɗaya a ɗaki ɗaya. Ta duba rikodar. Madannin ɗauka ya daɗe da ɓallewa, rami ne kawai a wurin.

Da rana, a wajen gwajin rera waƙa na aji, ta kai ga sautin da ta saba ɗauka a can sama, ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Malamar murya ta ce mura ce, ta sha ruwan ɗumi.

Washegari ta gwada wayo. Ta tura zaren gaba don ta tsallake gurbin. Duk inda ta tsaya, numfashi ne, har ƙarshen kaset. Ta aro ƙaramin fiyano na hannu ta buga amshin. Shiru. Ta ɗauki muryarta a waya ta kunna masa. Tsohon ya ja tsaki, dogo, irin na wanda aka raina. Da ta rera da bakinta kuwa, nan take ya wuce.

Haka aka yi ta yi. Kowane amshi da abin da yake tsinkewa daga saman muryarta. Kullum da ta fito sai ta shiga ɗakin gwaji ta rufe ƙofa, ta bi fiyano da yatsa ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ta ga inda aka yanke mata. Kunnenta lafiya lau, wannan ne muguntar abin. Tana jin sautin da ya ɓace sarai a cikin kanta, ta san inda yake zaune, maƙogwaro dai ya ce bai san shi ba.

"Kawu," ta ce wa Mai Makulli ranar da ta gama baiti na shida, "me ya sami muryarka?"

Bai ɗago daga rajistar da yake cikawa ba. Ya nuna kantar kaset ta can sama da biro.

"Kaset mai lamba bakwai," ya raɗa. "Tun ba a haife ki ba. Na gama, na ci jarrabawa, har da yabo. Ga ni."

"Me ya sa ba a ƙone su ba?"

"Kayan jami'a? Sai kwamiti ya zauna."

Bayan baiti na tara, sauti uku suka rage mata, na can ƙasa, waɗanda take magana da su. Baiti uku suka rage a kaset. Lissafin bai buƙaci digiri ba.

Ranar Talata mahaifinta ya kira. Ta yi sallama.

"Malam, ba wa 'yata wayarta," in ji shi.

"Abba, ni ce. Mura ce."

"Mura ko ingarman doki kika haɗiye?" Ya yi dariya, sannan ya yi gyaran murya. Ya ce ya kai ɗinki, na zuwa bikin yaye su. Ya ce ya gaya wa mutanen layin shagonsu, duka, har da sunan karatun. "Na ce musu kiɗan ma a rubuce kuke yinsa, kamar lissafi. Ko ba haka ba ne?"

"Haka ne, Abba."

Shekara huɗu ta jira wannan maganar, sai ta zo a makon da ba ta da amfani. Yawancin kyawawan maganganu haka suke zuwa.

Ranar Laraba da hantsi ta shiga ofishin Dakta da takardunta. Ta gaya masa komai, a gajarce, don kowace kalma yanzu nauyi gare ta. Ya jingina da kujera yana juya tabarau.

"Shekara ashirin ina jin uzuri a kujerar nan. Kaka ta rasu, kwamfuta ta rasu, wani ma kakarsa sau biyu ta rasu. Amma kaset mai jiran amshi, wannan sabo ne, na yaba. Baiti goma sha biyu na ce, 'yata. Tara ba aiki ba ne. Ki dawo baɗi."

Ta dubi takardun. Ta dubi wuyansa, mai ƙiba, mai lafiya, wanda lacca ta awa uku ba ta taɓa gajiyar da shi ba.

"Dakta, ka zo ka ji da kunnenka."

Ya tashi, don yana son a gan shi yana ƙaryata abu. Da suka shiga, Mai Makulli ya miƙe, ya dubi Kunne, ya juya ga Dakta ya fara raɗa wani abu. Dakta yana ta bayanin yadda zaren kaset yake saki idan ya tsufa, bai ji ba. Bai taɓa jin maganar wanda bai kai shi albashi ba, ko da ta ihu ce. Dattijon ya ɗauki kofinsa ya fita, ya ja ƙofa.

Ta kunna daga baiti na goma. Tsohon ya rera, ya kai ƙarshe, ya rataye waƙar ya tsaya. Kunne ta danne leɓɓanta da haƙori.

Zare yana juyawa. Numfashi. Dakta ya duba agogo. Ya ƙwanƙwasa teburi da yatsa, ya daina. Ya gyara zama. Ta ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Kafin ya zama mai littattafai uku, shi ma ya taɓa zama ɗalibin da ba ya iya barin ti a rataye. Kalma ɗaya za ta ishe shi gargaɗi, kuma tana da muryar faɗinta. Ta ɗora bakin fensir a kan layi.

Dakta ya rera. Ashe yana da murya, mai daɗi ma, ba wanda ya sani.

Tsohon ya shiga baiti na goma sha ɗaya da ƙarfinsa, kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Hannun Kunne yana bin sa a takarda, sauti bayan sauti.

"Kin gani?" in ji Dakta. "Saki ne kawai na za..." Ƙarshen kalmar ya karye. Ya yi tari, ya taɓa wuyansa, ya waiwaya yana neman ruwa.

"Saura biyu, Dakta," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba. "Ga gurbin nan ya kusa."