Goron Malam Falalu

Malam Falalu ya zazzage aljihun rigarsa karo na biyu, bai ga goron ba. 'Yarsa Shahida, ma'aikaciyar jinya ce, tana bakin ƙofa riƙe da na'urar awon jini.

"Baba, ni na ɗauke. Likita ya ce jininka ya hau, goro ya ƙare."

"Da ni likita ya yi magana ko da ke?"

"Da ni. Ya san ba za ka ji ba."

Shekara talatin ya yi yana koyar da Faransanci a Babura, kowane aji kuwa sai ya koya musu péché mignon, wato ɗan abin da rai ke so har mutum ya kasa haƙura da shi. Ɗalibai kan ce nasu tsire ne ko rake. Shi sai ya ɗaga farin goro, ajin ya yi dariya.

Yau kuwa sai ya wuce Shahida a bakin ƙofa. Ya gyara hula, ya tura kekensa zuwa kasuwa.

Daudu mai goro yana hango shi ya ja ganye ya rufe kwando.

"Malam, a gafarce ni. Hajiya Shahida ta zagaya mu duka jiya, ta ce kada a sayar maka."

"Daudu, kai da na koya wa gaishe da 'yan Nijar da Faransanci, yau ni za ka rufe wa kwando?"

Daudu ya sosa ƙeya. A hankali ya buɗe ganyen, ya zaɓo fari guda, mai sanyi, ya miƙa da hannu biyu.

Da ya koma gida Shahida na tsakar gida tana shanya. Ya zauna a tabarma, ya ajiye goron a gabansa inda za ta gani. Ba ko tabon haƙori a jikinsa.

"Baba, don Allah."

"Zauna, uwata. Tun daga kasuwa yana hannuna, ban ci ba. Na ji maganar likita, kuma zan daina. Amma ni zan daina, ba aljihuna za a riƙa lalubewa ba."

Ta zauna, ta daɗe tana kallon goron. Can ta tashi ta jiƙo ɗan tsumma, ta naɗe shi don kada ya bushe, ta miƙa masa. Ya mayar da shi aljihu, ya naɗe hannun riga, ya miƙa mata damtse.

"To, auna."