Rubutun Jikin Matacciyar Elm

Crispin, ɗan Landan ɗin da ya sayi gidan maƙwabtanmu bara, ya zo yana haki, wai in zo in ga abin al'ajabi. Ɓawon wata matacciyar bishiya da ake kira elm a bakin shingensa ya ɓare, ga zane-zane a jikin itacen kamar ƙafafun shanshani. Har ya kewaye ta da igiya, ya kira masana tarihi.

"Rubutun mutanen da ne, Baba Wilf," in ji shi.

Na ɗaga wani ɓawon da wuƙata, na tsinto farar tsutsa, na aza masa a tafin hannu.

"Ga marubuciyar nan, Yallaɓai. Kakanninta ne suka kashe mana bishiyoyin ƙauyen nan tun kana cikin zanen goyo. Durƙusa ka gaishe ta."