Motar da Ba Ta Kuka

Hamidu Kunne ne ya fara ganin motar da ba ta kuka a duk ƙasar Illela. Kafin dillalan bakin iyaka su san da ita, kafin 'yan canji su fara nuna wa juna hotonta, shi ya gan ta da idonsa, da hantsi, tana ratso karan gero kamar inuwa. Ba kuwa yau ya fara riga mutane ba. Mutum ne da fari ya cinye masa garke ya bar shi tsaye, babbar mota ta kife da shi a hanyar Gwadabawa ya fito yana kakkaɓe riga. Bai taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba shi kunne.

Ƙauyensu na bayan Kalmalo, kuma ta gefensa ɓarauniyar hanya ta bi, wadda 'yan fito ke tsallako da motoci daga Ƙonni don su kauce wa kwastan. Gudu suke yi kamar mutuwa ta biyo su. Tayoyi sun daddaɓe ƙasar ta yi tauri, don haka a kanta mata ke shanya barkono da kuɓewa. Abin da ya sa ba a taɓa take kowa ba, Hamidu ne. Yana zaune a gindin aduwa, mota na can bayan tabki, zai ɗaga murya: "Mota! Ku kwashe!" Kafin ta iso an naɗe shanya, an janye awaki.

Ɗansa Mannir shi ke yi wa 'yan fito gaba a kan babur, yana duba hanya. Da can yakan tsaya ya ce suna tafe, har uban ya hana shi.

"Ni za ka gaya wa mota na tahe? Tun kana goye nike jin su."

Ran nan ma Mannir ya wuce, ya ɗaga hannu kawai. Matar Hamidu, Goggo Lubabatu, tana duƙe a tsakiyar hanya, ta ba arewa baya, tana baza barkono.

"Malam, yaron nan ya wuce hwa. Ka ji wani abu?"

"Mi zan ji? Ko ƙuda ya tashi a Ƙonni sai na gaya miki mace ce ko namiji."

"Allah shi shirye ka. Komi ya tsufa, baki ya ƙi."

"Yi shanyarki, uwargida. Ina nan."

Ya karkata kai. Kurciya na kuka, wata na daka can cikin gari, sai wata 'yar iska a cikin kara. Iskar ce ta sa ya ɗaga ido. Mota ce baƙa wuluk, doguwa, tana sheƙi, babu hayaƙi, babu ƙugi. Ya buɗe baki, kalmar da ya shekara da shekaru yana faɗa ta maƙale. Ƙarar da ya ji ɗaya ce, kuma ba daga injin ta fito ba. Wata fara ta biyo baya, sannan wata gajera mai shafar ƙasa, suka bi ta kan barkonon suka ɓace. Ko birki ba a taka ba.

* * *

Bayan sadakar ukun Goggo Lubabatu, maigari ya kira Hamidu zaure, dattawa na zaune.

"Malam Hamidu, kai da bakinka ka ce ba ka ji komi ba."

"Ban ji ba, ranka shi daɗe. Amma na gani."

"Mota ba ƙara? Wa ya taɓa jin haka?" in ji wani dattijo. "Wannan aikin iska ne. Aduwar nan dama ba ta zama banza."

"Iska na da taya? Ku tahi ku duba sawu!"

Amma an riga an kora shanu ta wurin, sawun ya tafi. Maigari ya sassauta murya. In aka ce mota ce, hukuma za ta zo, a toshe hanya, samarin gari su koma zaman banza. In aka ce iska ce, sai addu'a. Aka shafa fatiha. Yana fita ya ji wani yana raɗa cewa kunnen tsoho ne ya mutu, kunya ta sa ya ƙirƙiro mota. Raɗa ce, amma ya ji ta sarai. Ya so ya juya ya ce musu ga shaida nan kunnensa na ji, sai ya ga babu amfani.

* * *

Da la'asar ya sami Mannir a bayan rumbu, ya ƙura wa waya ido, bai ji zuwansa ba. Hamidu ya leƙa. Hoton motoci ne, ga su nan a jere cikin wani ɗaki mai haske: manyan jif-jif, da ƙanana masu shafar ƙasa, duk kamfani ɗaya. Ta tsakiyar baƙa ce.

"Ita ce," ya ce.

Mannir ya zabura, wayar ta kusa faɗuwa.

"Mi take sha?"

"Wuta, Baba. Ba mai, ba gas. A tirela aka kawo su Ƙonni, aka ba su caji. Na wani babba ne, shi da matansa."

"Ka san ba su kuka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "An faɗa mini. Na zo daidai aduwa, na gan ka zaune, na ce ai Baba na nan."

Hamidu ya kama hannunsa.

"Tashi mu tahi zaure. Ka nuna musu. Su san mutum ne ya kashe uwarka, mutum mai hannu bisa sitiyari."

"Baba, in na nuna, ni za a fara kamawa. Mai motar ko sunansa ba za a kira ba. Wa zai riƙe gidan?"

Yana kuka, amma yatsansa na aiki. Hamidu na kallo, yaron ya goge hoton.

* * *

Har yau motoci na wucewa, har yau mata na shanya, don babu wata ƙasa mai tauri. Hamidu na gindin aduwa, sai dai ya daina karkata kai. Ido yake zuba wa arewa har ya yi ja. Da can ƙara ke tashinsa. Yanzu shiru ke tashinsa. Da gari ya yi tsit, zai miƙe ya ɗaga murya: "Mota! Ku kwashe!" Mata sun daina kwashewa. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah sarki, iskar ta taɓa shi ma.

A tsakiyar hanya akwai wurin da barkono ya nutse cikin ƙasa, damina ta zo ta wuce bai gama fita ba. Can yake nuna wa duk wanda ya yi masa murmushin tausayi.

"Ni na gan ta, kahin uban kowa. Wanda ya ce ƙarya nike, ga wuri nan. Ya zo ya duƙa, ya ba arewa baya. Ni zan riƙe masa takalmi."

Kowa na cewa iska ce. Amma babu wadda ta ƙara shanya a daidai wurin.